Kilomita Biyar da Rufaffen Filin Golf

Laraba, 24 ga Fabrairu 2021

Baban Amira, Dublin: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da yamma na zauna na saurari jawabin Firaministan Ailan Micheál Martin daga farko har ƙarshe, ina fatan in ji ranar da za a buɗe mana filayen golf. Abin da na tsinta kawai shi ne kullen korona mataki na biyar zai zarce har 5 ga Afrilu, dokar hana wuce kilomita biyar daga gida kuma tana nan daram. Shekaranjiya Boris Johnson ya yanka wa mutanen Ingila rana, 29 ga Maris su koma fili. Mu kuwa ko rana babu.

Wannan shi ne karo na uku da aka rufe mu. Na farko daga ƙarshen Maris zuwa 18 ga Mayu bara, na biyu makonni shida daga Oktoba zuwa 1 ga Disamba, na uku tun ƙarshen shekara har yau. Ko a watan Mayun da aka buɗe ban samu zuwa ba sai a Yuni, domin kulob ɗinmu kilomita bakwai ne daga gidana, doka kuma ta ce biyar. Fili ne da ya haura hekta hamsin, mutum biyu su kama hanya, ba sa ganin na gabansu sai kamar tsuntsu. Ranar Lahadi ku je Phoenix Park, babban wurin shaƙatawa na Dublin, ku ga jama'a kafaɗa da kafaɗa, da kekuna da karnuka da kofin shayi. Wancan halal, wannan haram. Don Allah wani ya fahimtar da ni.

Sani Direba, Galway: Wa alaikumus salam. Injiniya, ana ta kai wa yake ta kaya? Ni tasi na ajiye a ƙofar gida tun bayan Kirsimeti, har batir ya mutu.

Kawu Ɗanladi, Kano: Wai ƙwallon lambu kake nufi? Wannan da tsofaffin janar-janar suke bi da sanda a Abuja? Ashe ɗan ƙanwata ya zama manya ban sani ba. To a tuna da mu.

Baban Amira, Dublin: Kawu, ranka ya daɗe, a nan ba wasan manya ba ne kamar gida. Abokin wasana mai gyaran famfo ne, ɗayan kuma direban bas ne da ya yi ritaya. Kusan kowane ƙaramin gari yana da filinsa. Ni likita ne ya ce in riƙa tafiya saboda suga, kuma zagaye ɗaya na rami 18 tafiyar awa huɗu ce. Shi ne maganina.

Maman Ihsan, Cork: Baban Amira, Allah ya ƙara lafiya. Na so in yi shiru, amma na kasa. Yanzu na sauka daga aikin dare, ka yi haƙuri in maganar ta zo da zafi.

Ka tuna abin da ya faru da aka buɗe a 1 ga Disamba? Aka buɗe shaguna da gidajen abinci, aka ce a yi Kirsimeti cikin natsuwa. Ranar 8 ga Janairu kaɗai mutum 8,248 aka sanar sun kamu, a ƙasar da ba ta wuce mutum miliyan biyar ba. A wancan makon babu ƙasar da ta kai Ailan yawan kamuwa idan aka auna da yawan jama'a. Zuwa tsakiyar wata masu korona da ke kwance a asibitoci sun haura 2,000, waɗanda suka rasu a Janairu kaɗai sun haura dubu. Ni na riƙe waya a kunnen wata tsohuwa tana sallama da 'ya'yanta, su suna mota a waje an hana su shigowa. Jana'iza mutum goma ake bari. Da wannan idon nake kallon maganar taka.

Ban ce ƙwallonka na ɗauke da cuta ba. Abin da ke kewaye da wasan shi ne matsalar. Mutum biyu su shiga mota ɗaya don kada a ƙona mai biyu. A tsaya a gidan mai a sayi shayi. A gama wasa a jingina da mota a yi hirar rabin awa, takunkumi na aljihu. Ka ce ba a yi in ji.

Baban Amira, Dublin: Anti, Allah ya saka muku da alheri, ba wanda ya isa ya raina aikinku. Amma mu fa an kafa mana sharuɗɗa kuma mun bi. Sai ka yi rajistar lokaci ta intanet kafin ka zo, sunanka da lambarka na rubuce. Ginin kulob a rufe, a bayan mota kake sauya takalmi. An kwashe manjagaran da ake share ramin yashi da su, an hana taɓa tuta, har soso aka cusa a rami don kada ka zura hannu. Wane kanti ne ya yi rabin wannan?

Maman Ihsan, Cork: Kanti dole ne. Kowa sai ya ci abinci.

Dakta Bashir, Manchester: Salam. Bari in shiga tsakani, ko da yake mai raba faɗa shi ke shan duka.

Ta fuskar ilimi Injiniya yana da gaskiya, kuma na san Maman Ihsan ba za ta musa ba. Cutar nan ta iska ce, ta fi kama mutane a rufaffen ɗaki inda numfashi ke taruwa. A sarari, da tazara, da iskar Ailan da ke neman ɗauke mutum, haɗarin kaɗan ne ƙwarai. Har batun manjagara da tuta ma, yanzu mun gane taɓa abu ba shi ne babbar hanyar kamuwa ba.

Sai dai gwamnati ba hukuncin golf ta zauna yi ba. Abin da take so shi ne yawan motsin mutane ya ragu gaba ɗaya, kuma saƙon ya zama gajere yadda kowa zai riƙe: zauna a gida. Ranar da ka buɗe wa golf, masu tanis za su zo, masu iyo za su zo, masu hawa dutse za su zo, kowa da hujjarsa mai kyau. Kafin ka ankara dokar ta zama rariya. A kullen Nuwamba mutum sama da 250,000 suka sa hannu a takardar koke a nan Birtaniya cewa a bar golf, gwamnati ta ce ta ji, amma a'a.

Inda nake tare da kai shi ne su da kansu suka fara huda rariyar. A Janairun nan an ce kamun kifi da ƙugiya motsa jiki ne, an halatta. Mutum na zaune kan kujera a bakin ruwa yana gyangyaɗi, shi yana motsa jiki, mai tafiyar awa huɗu kuwa a'a. Wannan ko ni ban iya kare shi ba.

Zainab, Dundee: Ina wuni iyayena da yayyena. Ni fa ban san komai a wasan nan ba, amma a nan Sikotlan ba a rufe ba. Ta tagar bas nake hango su, bibbiyu, cikin sanyin da ko kare ba ya so. Sharaɗin shi ne kada a wuce mutum biyu, kuma ka tsaya cikin ƙaramar hukumarka ko abin da bai fi mil biyar daga iyakarta ba. Malamarmu ta ce a nan golf kamar ƙwallon ƙafa ne a unguwa, filaye da yawa ma na hukuma ne. Tsohon filin St Andrews da duniya ke ji da shi, ranar Lahadi ba a wasa a kansa, jama'a ne ke yawo da yara da karnuka.

Baban Amira, Dublin: Yawwa ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Dakta ka ji ko? Cuta ɗaya, tsibiri ɗaya da ku, masana kusan ɗaya. Ko korona tana tsayawa a kan iyakar Sikotlan ta nuna fasfo ne?

Dakta Bashir, Manchester: Ba ta tsayawa. Wannan ya nuna maka hukuncin na siyasa ne, ba na ɗakin gwaji ba. Kuma siyasa ba zagi ba ce a nan, auna abin da jama'arka za su iya haɗiya ne. Sikotlan ta auna ta ga nata mutanen ba za su kalli golf a matsayin gatan masu kuɗi ba. Ingila ta auna ta ga akasin haka. Ka rufe filin ƙwallon yara a unguwar talakawa, ka bar na masu mota da jakar sanduna, ka ga abin da jaridu za su yi da kai.

Sani Direba, Galway: To tunda an zo kan siyasa, Injiniya bari in tuna maka abin da ka yi kamar ka manta. Ba babban likitan gwamnati Tony Holohan ne ya kashe muku golf a ƙasar nan ba. 'Yan uwanku masu wasan ne, a Clifden.

Ga waɗanda ba sa nan: ranar 18 ga Agusta bara gwamnati ta ƙara tsaurara doka kan taro a cikin gini. Washegari, 19 ga wata, ƙungiyar golf ta 'yan majalisa ta yi liyafar cin abinci a wani otal a Clifden, can yammacin gundumarmu, mutum sama da 80. Cikinsu har da Dara Calleary, ministan noma, wanda da shi aka zauna aka amince da sabuwar dokar. Da Phil Hogan, kwamishinan ciniki na Tarayyar Turai. Da alƙalin kotun ƙoli, Séamus Woulfe. Masu shirya taron suka ce ai sun raba zauren biyu da allo, kowane ɓangare bai kai hamsin ba. Jama'a suka ce a kai kasuwa.

Ni ina kan titi a makon. Wallahi duk fasinjan da na ɗauka maganar ke nan. Wata mata ta ce mini ta binne mahaifinta ba ta rungumi ƙanwarta ba. Calleary ya ajiye aiki ranar 21, mataimakin shugaban majalisar dattawa Jerry Buttimer ma haka. Hogan ya yi ta kame-kame har 26 ga wata, domin ya bayyana cewa ya shiga ya fita gundumar Kildare alhali tana cikin kulle, sannan ya sauka. Daga ranar nan kalmar golf ta zama abin kunya a bakin ɗan siyasa. Wa ka ga zai miƙe a majalisa ya ce a tausaya wa masu golf? Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa.

Baban Amira, Dublin: Malam Sani, ai wannan hujjata ce ba taka ba. A fili suka kamu da laifi ko a ɗakin cin abinci? Su suka ci tuwon, mu aka ba wankin kwano.

Sani Direba, Galway: Haka duniya take ai. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Maman Ihsan, Cork: Kuma ku tambayi dalilin da ya sa aka kulle Kildare da Laois da Offaly a Agustan. Masana'antun nama ne. Yawancin ma'aikatan baƙi ne irinmu, 'yan Brazil da gabashin Turai da 'yan Afirka, suna tsaye gefe da gefe cikin sanyi, su koma gida ɗaya mutum shida ko takwas. Su ba wanda ya ce su zauna a gida, don aikinsu wajibi ne. Idan za a yi kukan rashin adalci a kullen nan, a fara daga can.

Dakta Bashir, Manchester: Wanzami ba ya son jarfa, ko ina haka ne. Mu namu Dominic Cummings ne, mashawarcin Firaminista, ya tuƙa mota kusan mil 260 daga Landan zuwa Durham a tsakiyar kullen farko, sannan ya ce ya je Barnard Castle ne don ya gwada ko idonsa na gani. Bai ajiye aiki a lokacin ba. A Janairun nan kuma 'yan sanda a Derbyshire suka ci tarar wasu mata biyu fam 200 kowacce don sun yi tafiyar mil biyar a mota zuwa bakin wani tafki su taka. Kwana kaɗan aka ga Boris Johnson a kan keke mil bakwai daga gidansa. Aka soke tarar, aka ba matan haƙuri. Matsalarmu a Ingila ita ce an ce ka tsaya kusa da gida, ba a faɗi ko mil nawa ne kusa ba. Ku naku an ba ku lamba. Lambar ba ta da tausayi, amma kowa ya san ta, minista da mai shara.

Mahamadu, Lyon: Salamu alaikum. Ku kuna da kilomita biyar kuna kuka? Mu nan Faransa kilomita guda aka ba mu, awa guda, kuma sai ka cika takarda ka sa hannu ka rubuta lokacin da ka fito. In jandarma ya tare ka babu ita, yuro 135. Sai ƙarshen Nuwamba suka ƙara zuwa kilomita 20 da awa uku. Yanzu kuma ƙarfe shida na marece kowa ya shige gida. Ni da nake ɗaki guda a hawa na shida, filin golf ɗina shi ne matakala.

Amma ina Bakanon nan? Alhaji, an ce ku a Kano kun yi kulle na gani na faɗa, har korona ta ji tsoron kasuwa ta gudu.

Kawu Ɗanladi, Kano: Ka ji Badamagare. Bawa ba ya gaisuwa sai tsokana. To zauna in ba ka labari.

Mu aka rufe mu 16 ga Afrilu, Ganduje ya ce mako guda. Kafin mu farga azumi ya kama, Buhari ya fito 27 ga wata ya ƙara makonni biyu, daga nan aka yi ta ƙari. Kantin Kwari da ba ta san hutu ba sai ga ta shiru kamar maƙabarta. Da aka ga mutane za su mutu da yunwa aka ce Litinin da Alhamis a fito daga goma na safe zuwa huɗu na yamma. To ka tara mutanen Kano gaba ɗaya ka ce su yi cefanen mako cikin awa shida. Turmutsutsun da na gani a ranakun nan ko jajiberin Sallah ban taɓa gani ba. In cutar na neman mutane, ai mun tara mata su wuri guda.

Hana shiga wata jiha kuwa, har 1 ga Yuli yana nan a takarda. A kan hanya kuɗin mota ne kawai ya ninka. Direba ya san nawa zai ajiye a kowane shinge, in shingen ya yi tsauri a sauke ku, ɗan acaɓa ya zaga da ku ta gona, wata motar na jira a gaba. Har El-Rufa'i sai da ya zo kan iyaka da kansa lokacin Sallah yana tare motoci. Mai kuɗi ya wuce, marar kuɗi ya kwana a tasha. Su kuma almajirai gwamnatoci da kansu suka loda su a motoci daga wannan jiha zuwa waccan, a daidai lokacin da aka ce kowa ya tsaya inda yake.

Ban ce babu cutar ba, kada Hajiya nas ta yi fushi da ni. A watan Afrilun mun binne dattawa da yawa, ni kaina na rasa aminai biyu cikin mako guda. Daga baya ministan lafiya ya ce mutum 979 aka ƙirga, fiye da rabi ana jin korona ce. Abin da nake cewa, ku da ake ce muku ku zauna a gida kuma a turo muku kuɗi a asusu, ku gode wa Allah.

Maman Ihsan, Cork: Allah ya jiƙansu da rahama, Kawu. Ban yi fushi ba.

Mahamadu, Lyon: Amin. Na janye tsokanar, Alhaji, sai wani jiƙon.

Malam Yusuf, Dublin: Assalamu alaikum. Ina ta karantawa. Abu ɗaya zan tunatar. Hana tafiya lokacin annoba ba Turawa suka fara ba. Hadisi ne ingantacce a Buhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna ciki kada ku fita don gudunta. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya ji labarin annoba, ya juya da tawagarsa. Shugaba ne, kuma da kansa ya fara.

Masallatanmu a nan a rufe suke, Juma'a nawa ba mu yi ba. Bara ba wanda ya je Hajji daga waje. Idin babbar Sallah a filin Croke Park aka yi ta da mutum 200 kacal, kowa da dardumarsa nesa da ɗan uwansa. Injiniya, wanda ya haƙura da sahu ai zai iya haƙura da rami.

Baban Amira, Dublin: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Amma a yi mini afuwa in yi tambayar ɗalibi. Hadisin ya yi maganar fita daga gari zuwa gari. Ni ban ce zan je Cork ba. Kilomita bakwai ne, cikin gari ɗaya, ƙarƙashin hukuma ɗaya. Kuma masallaci rufaffen ɗaki ne, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ai ba ɗaya ba ne.

Malam Yusuf, Dublin: Ba ɗaya ba ne, gaskiyarka. Nassi bai yanka kilomita ba, hukuma ce ta yanka, tana iya yin daidai tana iya kuskure. Kana da damar ka rubuta wa ɗan majalisarka ka ce ta yi kuskure. Tsallake ta ne ba ka da dama.

Abba, Drogheda: Yaya Injiniya, ni fa ina da dabara. Sayen abinci ba ya cikin dokar kilomita biyar. Ka ajiye buhun shinkafa da ledar nama a bayan mota, duk ɗan sandan da ya tare ka ka ce daga shagon halal kake. Ni da haka nake zuwa wajen abokaina.

Sani Direba, Galway: Ya je ya tarar da ƙofar filin da kwaɗo, sai ya dafa shinkafar a wajen.

Maman Ihsan, Cork: Abba, da kai nake tun ɗazu ashe. Kai ne lissafin da gwamnati ke yi idan ta ƙi buɗe wa irin su Baban Amira. Ka zo in ba ka rigar leda ka yi awa goma sha biyu a cikinta, sannan ka ba ni labarin shinkafa.

Hajiya Rabi, mai kula da zaure: Abba, goge wannan saƙon. Ba a koyar da ƙarya a zauren nan. Tarar yuro 100 ce in an kama ka, kuma kai da takardunka ba su gama daidaita ba, kai ne za ka riƙa wasa da 'yan sanda? Zan kira mahaifiyarka in ka sake.

Abba, Drogheda: Tuba nake Hajiya. Na goge. Anti a yi haƙuri.

Anti Bilki, Kaduna: Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne masu ci daga filin. Maigidana yana wasa a nan Kaduna, na san yaran da ke ɗaukar musu jaka. Ba albashi gare su ba, abin da mai wasa ya miƙa musu bayan an tashi shi ne abincin gidansu. Da aka kulle mu a ƙarshen Maris bara, ɗaya daga cikinsu ya tako da ƙafa tun daga Rigasa ya zo ƙofar gida, ya ce Hajiya ba roƙo na zo ba, ko wankin mota ne a ba ni. Shi mai wasan kewar motsa jiki yake, shi kuma yaron tukunyarsa ce ta sauka. A can wajenku wa ke ɗaukar nauyin irinsu?

Baban Amira, Dublin: Anti Bilki, a irin kulob ɗinmu kowa ke jan jakarsa. Masu ɗaukar jaka sai a manyan filayen bakin teku irin Ballybunion da Lahinch, inda Amurkawa ke zuwa da rani, kuma bara ba su zo ba, shekarar ta tafi a banza. Wanda ya rasa aiki gwamnati na ba shi tallafi, har yuro 350 a mako. Masu kula da ciyawa kuwa suna aiki har yanzu, domin ciyawa ba ta san kulle ba, in aka bar ta wata biyu filin ya lalace.

A nan ne ma abin ya fi ci mini rai, in faɗi gaskiya. A Janairu aka turo mini takardar kuɗin mamba na shekara, cif-cif, ba ragin ko sisi. Na rubuta wasiƙa mai zafi zan tura, sai Maman Amira ta ce in ba ka biya ba, wa zai biya dattijon nan mai yankan ciyawa da kake ba ni labarinsa kullum? Na goge wasiƙar na biya. Amma har yanzu ina ganin kuskure ne a rufe. A bar mutum biyu, a rufe ginin, a ce wanda ke cikin kilomita biyar kaɗai. Ko ni ban samu shiga ba, maƙwabtan filin su samu.

Dakta Bashir, Manchester: Wannan da ka faɗa yanzu kusan shi ne tsarin Sikotlan. Da haka ka fara da mun rage rubutu.

Maman Ihsan, Cork: Ni ma ba zan yi faɗa da wannan ba, in lambobin asibiti sun ƙara sauka. Amma ba a Janairu ba. A Janairu ko tsere da tururuwa ne na fi so a hana.

Baban Amira, Dublin: To ai tseren dawaki ba a hana ba, Anti. Shi da ragbi suna ta yi ba 'yan kallo.

Sani Direba, Galway: Wancan akwai kuɗi a ciki, Injiniya. Kada ka sake tayar da mu.

Kawu Ɗanladi, Kano: Ni dai shawarata, ka samu gwangwanin madara ka binne a bayan gida, ka riƙa aunawa. In ka ƙware ka zo Kano, namu filin ko da rani yana nan, ba ciyawar da za ta dame ka.

Talata, 30 ga Maris 2021

Zainab, Dundee: Baban Amira, ka ji sanarwar yau? Na ga an ce daga 12 ga Afrilu za ku iya yawo cikin gundumarku ko kilomita 20 daga gida.

Baban Amira, Dublin: Na ji, ƙanwata. Golf kuma 26 ga Afrilu. Dakta su tun jiya suka koma.

Dakta Bashir, Manchester: Ni ban koma ko'ina ba, ina asibiti. Amma maƙwabcina tun da duhu na ji yana loda sanduna a mota.

Malam Yusuf, Dublin: Injiniya, ka duba kalanda kuwa? 26 ga Afrilu azumi ya kusa raba tsakiya, in Allah ya kai mu. Shan ruwa a Dublin sai wajen tara saura na dare.

Baban Amira, Dublin: Na duba, Malam. Wata huɗu ina jira, sai da aka ga zan ɗauki azumi aka buɗe. Na riga na gaya wa mai gyaran famfo mu nemi layin farko, bayan Asuba kaɗan, rami tara kawai.

Maman Ihsan, Cork: Da suga a jikinka? Ka fara ganin likitanka kan azumin ma tukuna, ka tafi da na'urar awo a aljihu. Kuma kowa ya zo a motarsa.

Kawu Ɗanladi, Kano: Gwangwanin fa? Ka binne ko ba ka binne ba?

Baban Amira, Dublin: Na binne, Kawu. Amira ce ke cinye ni kullum.